Hoton Gimba

Abubuwa da yawa na zamana a Potiskum sun gushe mini, amma akwai rana ɗaya da ba zan taɓa mantawa da ita ba: ranar da na shiga gidan makoki da ƙunshi a hammata, ina taku ɗai-ɗai kamar wanda ya kawo abin da zai tsayar da kuka. Shekaru sun ja, furfura ta cinye mini kai, amma har yau in abin ya faɗo mini a rai ina cikin cin tuwo, sai in ajiye lomar in tsame hannu.

A farkon shekarun casa'in ne, ba a daɗe da ba mu jihar Yobe ba. Ina koyarwa a wata makarantar sakandare, ban yi aure ba, ina haya a ɗaki ɗaya a unguwar Bolewa. Ina da wata kyamara ta hannu da na saya, kuma tun da na rataya ta a wuya kaina ya fasu. In aka ce in zo in ɗauki hoton suna ko na biki, sai in yatsine fuska in ce ni ba irin waɗannan masu hoton ba ne, ni rayuwa nake ɗauka. (Babu wanda ya taɓa roƙona in ɗauki rayuwa, ni na ɗora wa kaina.) Da an tashi daga makaranta sai in bi titi, in bi tasha, in bi kasuwa, ina farautar fuskokin mutane.

Gilashin da ke bakin kyamarar dogo ne, irin wanda ake ce wa zum. Kana tsaye a gindin bishiya a tsallaken titi, ka murɗa shi, ya zuƙo maka mai yankan farce har ka ga gumin goshinsa, shi kuwa bai san kana duniya ba. A lokacin na sa wa wannan suna ƙwarewa. Yanzu da na girma na san sunansa na gaskiya, tsoron mutane ne. Amma zum ɗin yana da aibu ɗaya: mayen rana ne. Da hadari ya haɗo, ko mutum ya shiga ƙarƙashin rumfa, sai hoton ya fito da duhu ko ya yi rawa.

Wannan ƙorafin na kai wa Oga Sunday, wani mutumin Kudu mai shagon hoto a kusa da tasha, wanda ya daɗe a garin har Hausa ta zauna a bakinsa. Ya buɗe durowa ya ɗauko wani ɗan gilashi, bai fi gwangwanin tumatir ba.

"Tica, wannan ba ya zuƙo komai," ya ce. "Inda ka tsaya, nan ya tsaya. In kana son mutum ya zo kusa, ƙafarka za ta kai ka. Amma haske, ko na fitilar ƙwai ne, ya ishe shi."

Na ɗaura shi na leƙa. Cikin shagon nan mai duhu ya haskaka, har na ga ƙurar da ke kan kanta. Nan take raina ya biya. Na ce masa mu yi musaya, ya karɓi zum ɗina ya ba ni wannan.

"Ka riƙe naka tukuna," ya ce. "Ka ari wannan, ka ɗauki fim ɗaya, mu wanke mu gani. Yana da hali. In ka buɗe ƙofar haskensa duka, wurin da zai fito tar bai wuce faɗin tafin hannu ba. Ka saita a kan hanci, kunne ya tafi."

Na yi masa wani murmushi irin na malamin makaranta da mai shago ke neman koya wa karatu. Na ce na karanta duk wannan a littafi. (Na karanta ɗin, amma kamar yadda ɗalibaina ke karanta nawa darasin.) Na ajiye masa zum ɗina a kan kanta na fita, ko waiwaye ban yi ba.

Satin farko na sha wuya. In na hango wani abu a nesa, hannuna ya kai zai zuƙo, sai in tarar babu abin murɗawa. Dole in taka in je. Da na je kuwa sai ido ya haɗu da ido. Wani mai nama ya ɗaga mini wuƙa ya ce in na ƙara nuna masa wannan abin zai haɗa ni da tsire. Wata mai ƙosai ta ja mayafi ta rufe fuska tana tsine mini. Wasu kuma da sun gan ni sai su miƙe su ƙame, su haɗe rai, rayuwar da nake farauta ta gudu. Duk da haka na yi ta dannawa, kuma kusan kowane hoto sai na buɗe ƙofar hasken nan har ƙarshe, don ina ganin wanda ya sayi abu ai sai ya more shi duka. Ko fim ɗaya ban kai wanki ba tukuna.

Ranar wata Laraba da yamma na shiga kara, kasuwar shanu. Damina ce, hadari ya haɗo ya yi baƙi, ƙasa ta jiƙe ta cakuɗe da kashin shanu. Ana ta lodi a tireloli za a yi Kudu. Na duba kyamara na ga hoto ɗaya ya rage mini a fim.

"Malam! Malam mai hoto!"

Gimba ne, maƙwabcinmu, gida uku tsakaninmu. Aikinsa rakiyar shanu: shi ne ke zama a saman tirela a kan katako tun daga Potiskum har Legas, in wata saniya ta faɗi ya dira ya tashe ta kafin 'yan uwanta su tattake ta. Siririn mutum ne mai wushirya, ba a raba shi da wata shuɗiyar hula. Yana tsaye a inuwar tirela, riƙe da igiyar wani jan bijimi mai ƙaho kamar an buɗe hannu biyu.

"Yau ka matso kusa da talakawa," ya ce yana dariya. "Da can sai dai mu hango ka a gindin bishiya da dogon bututunka. To zo ka ɗauke ni da wannan. Wallahi tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin kaina a takarda ba."

Na ce ya kwantar da hankalinsa, ya zo wurin da ya dace, wannan hasken ma shi gilashina ke so. Na matsa. Bai cika idon kyamara ba. Na ƙara matsawa, har na fara jin hucin bijimin a gwiwata. Ni fa ɗan malamai ne, ko akuya ban taɓa kiwo ba. Na buɗe ƙofar haske duka, na murɗa zoben saiti har na ga abu ya fito tar a cikin idon kyamara. (Wane abu ne ya fito, ban tsaya na tambayi kaina ba.) Ana cikin haka bijimin ya yi wani gurnani ya sunkuyo da kai. Na danna, na yi tsalle da baya, santsi ya kwashe ni na zauna daɓas a cikin kashin shanu.

'Yan kara suka kece da dariya. Gimba ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya miƙo hannu ya tashe ni.

"Ya ɗauku dai ko?"

"Ya ɗauku," na ce ina kaɗe wando. "In ka dawo za ka ga abin mamaki."

Bai dawo ba. Ran Asabar labari ya iso cewa tirelarsu ta faɗi a wani gangare can bayan an haye kogin Kwara. Direba ya tsira da karaya, Gimba kuwa shanu da katako suka danne shi. Hausawan garin da ke kusa suka yi masa sutura suka binne shi a can. Ko hularsa ba a kawo gida ba.

Na je gaisuwa, na zauna a tabarma a ƙofar gida tare da maza. Kukan mata na fitowa daga ciki. Yayansa, Malam Idi, mai sayar da hatsi a kasuwa, yana zaune ya haɗa kai da gwiwa. Wani ya tambaye shi jikin Iya, mahaifiyarsu, sai ya girgiza kai.

"Ta haƙura da mutuwar," ya ce. "Abin da ya tsaya mata shi ne ba ta ga fuskarsa ba. Tun jiya take cewa da ma an kawo shi ta shafa shi. Ga matarsa Adama da tsohon ciki. Abin da za a haifa ko kamannin ubansa ba zai sani ba."

A nan ne ya kamata in kama bakina. Mai hankali zai yi shiru, ya je ya wanke fim, in abu ya yi kyau ya kawo. Amma ni na ji wani abu na taso mini a ƙirji, rabinsa tausayi, rabinsa kuwa, Allah Ya yafe mini, daɗi ne: yau dai garin nan zai san amfanina. Na yi gyaran murya.

"Malam Idi, akwai hotonsa a wurina. Ranar da za su tafi na ɗauke shi, yana dariya."

Duk tabarmar ta juyo. Wani dattijo ya ce hoto ba ya ƙara wa mamaci komai, addu'a ce ke isa gare shi. Malam Idi ya ce haka ne, Baba, amma masu rai fa? Ya kama hannuna da hannu biyu. Ni kuma maimakon in tsaya nan, sai na ƙara da cewa da wani sabon gilashi na ɗauka wanda babu irinsa a duk jihar, har gashin girarsa za a ƙirga. Na ce ranar sadakar bakwai zan kawo shi, babba, a cikin firam. Kafin in tashi har an shiga an gaya wa Iya, na ji kukan cikin gida ya canja.

A lokacin ba a wanke hoto mai kala a shagon Oga Sunday. Sai ya tara fina-finai ya ba wani direba ya kai Jos, bayan kwanaki a dawo da su. Na kai masa nawa, na rubuta a takarda: a faɗaɗa na ƙarshe, a sa a firam mai gilashi.

"Tica, ba a haka," ya ce. "A wanke ƙanana tukuna, ka gani da idonka, sannan a faɗaɗa."

Na ce zuwa biyu ke nan, bakwai za ta wuce. Na ce na san abin da na ɗauka. Ya dube ni, ya dubi takardar, ya ɗaga kafaɗa ya jefa a jaka.

Da safiyar ranar bakwai saƙon ya iso. An naɗe shi da takardar siminti an ɗaure da igiya tsaf, ƙananan hotunan ma suna ciki. Oga Sunday ya ɗauko almakashi.

"Bari mu leƙa."

Na dafe ƙunshin. Na ce idon mahaifiyarsa ne ya kamata ya fara sauka a kansa. Haka na faɗa, kuma har na ji maganar ta burge ni. Gaskiyar ita ce ba na son a ɓata ɗaurin. Na riga na tsara yadda abin zai kasance: a kwance igiya a gaban jama'a, a yi salati, a juyo a dube ni. Na je gida na sa farar shaddata ta Juma'a, na fesa turare, na ɗauko ƙunshi a hammata.

Na tarar an idar da addu'a ana rabon waina da gumba. Malam Idi na hango ni ya miƙe, ya ja ni har cikin gida da sallama. Mata sun cika tsakar gida. Iya na zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa, idanunta sun yi fari-fari da yana. A bayanta, daga bakin ƙofa, Adama ce a zaune cikin takaba, ta lulluɓe har goshi, cikinta ya yi gaba. Na durƙusa na gaishe su.

"Kai ne mai hoton?" Iya ta ce. "Sannu, ɗana. Kawo mini shi. Kawo mini Gimba."

Malam Idi ya kwance igiyar, ya yaye takardar, ya juyo da firam ɗin. Mata suka matso. Ni ma a lokacin na fara ganinsa.

Ban taɓa ɗaukar hoto mai kyan wannan ba, kuma ban ƙara ba. Hancin bijimin ya cika gaba, jiƙaƙƙe, yana ƙyalli. Kowane silin gashi na goshinsa ya fito. Akwai wani ƙuda a gefen idonsa, har fukafukinsa ana gani. A bayan wannan duka, a inda Gimba ya tsaya, akwai wani abu dishi-dishi mai tsawon mutum, shuɗi-shuɗi a sama inda hula take, da ɗan fari a inda haƙora suke. Babu ido, babu hanci. Ko ni da na ɗauka, da ba a gaya mini ba, ba zan rantse cewa mutum ne ba. Ashe duk lokacin da nake murɗa zoben nan, idona na kan abin da nake tsoro, shi na saita.

Na ji gumi na bin bayana a cikin shaddar. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma ƙasar ma kamar ta tsaya kallo.

Iya ta karɓi firam ɗin ta ɗora a cinya. Ta kawo shi dab da fuska, ta nisanta shi, ta goge gilashin da bakin zane, ta sake kawowa.

"Idi, ina fuskar tasa?"

Malam Idi ya dube ni. Ban taɓa ganin ido irin wannan ba, babu faɗa a ciki, kuma da faɗan ne da ya fi mini sauƙi. Ya kama yatsanta ya ɗora a kan dishi-dishin nan.

"Ga shi nan, Iya."

"Oh, ni 'yasu," ta ce, hawaye na zubo mata. "Idon nan nawa ya gama lalacewa. Ga ɗana an kawo mini har gida, na kasa ganinsa. Dariya yake yi ko?"

Ta juyo wajen da nake.

"Malam, kai ka ɗauka. Dariya yake yi?"

"Dariya yake yi, Iya," na ce. Muryar da ta fito ban san ta ba.

"Haka yake. Tun yana goye haka yake." Ta shafa gilashin. Sannan ta ɗaga hannu ta shiga sa mini albarka: Allah Ya ba ni mace tagari, Allah Ya ba ni masu yi mini abin da na yi mata. Mata na cewa amin a ciki-ciki, ni kuma kowace amin sai in ji kamar an tsinka mini mari.

Ta miƙa wa Adama ta baya. Adama dai idonta garau yake. Ta ɗan ɗaga mayafi ta duba, ta daɗe tana dubawa, hannunta ɗaya a kan cikinta. Sannan ta mayar da mayafin, ta yi magana ƙasa-ƙasa yadda mai takaba ke yi, ba ta ko kalli inda nake ba.

"Malam, bijimin ya fito sosai."

Ban san yadda na kai zaure ba. A can Malam Idi ya tsayar da ni, ya tambaye ni ko akwai wani. Na zazzage ƙananan hotunan a hannuna, alhali na san babu. Ga kunnen mai shayi, ga wuƙar mai nama, ga bakin mayafin mai ƙosai. Na Gimba ɗaya ne. Na ce zan koma wurin Oga Sunday ko akwai dabara. (Na koma. Ya ɗaga fim ɗin a hasken taga ya ce abin da bai shiga ba, ba mai fito da shi, ko a Jos ko a Ingila. Bai ce ai ya gaya mini ba, kuma wannan ma ya ƙona ni.)

"Abu ɗaya nake roƙonka," Malam Idi ya ce. "Kada ka gaya mata."

Ban gaya mata ba, kuma hukuncina ke nan. Aka rataye hoton a ɗakin Iya. Hanyata ta zuwa makaranta ta ƙofar gidansu take, duk ranar da ta ji muryata sai ta aiko a kira ni. Ta ba ni gyaɗa, ta ba ni goro, ta zaunar da ni a gaban bijimin nan ta ce in faɗa mata yadda Gimba ya fito. Ni kuma in zauna in yi ta zana mata shi da baki: wushiryar, karkacewar hular, yadda ya riƙe igiya. Adama ta haifi 'ya mace, tana wucewa da ita a goye, ta gaishe ni da ladabi, ba ta ƙara ko kalma ɗaya a kan waccan maganar bijimin ba.

Bayan wasu watanni Iya ta matsa wa Malam Idi sai ya kai ta a duba mata ido, tana so ta ga hoton kafin ta mutu. Ya yi ta ja mata rai har ya rasa abin cewa. Zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: ni, malamin makaranta, mai sallah biyar, na yi kwanaki ina fatan kada idon tsohuwa ya warke. Ya kai ta, aka yi mata aiki a ido ɗaya, aka ba ta tabarau mai kauri. Ranar da aka cire bandeji ta sa aka kira ni, wai tare za mu gani.

Ta sa tabarau. Aka sauko mata da firam. Ta duba. Ta daɗe ƙwarai, har na ji kyarkyarar kaji a tsakar gida. Sannan ta ɗago ta dube ni ta cikin gilashin nan, karo na farko da ta ga fuskata sosai, kuma na san ta gan ta, don ta tsaya a kan idona. Ta cire tabarau a hankali ta naɗe shi a bakin zane.

"Tabaraun nan ba shi da kyau, Idi," ta ce. "Mayar da hoton inda yake."

Daga ranar ba ta ƙara aikowa a kira ni ba. In na gaishe ta takan amsa da fara'a, ta tambayi makaranta, ta tambayi mutanen gidanmu. Da tabaraun nan take tsince tsakuwa a shinkafa har ta rasu.

Gilashin yana nan a wurina, kuma daga baya na iya shi, sai dai babu wanda iyawar ta amfana a gidan su Gimba. Abin da na koya bai taka kara ya karya ba, ko ɗan firamare ya san shi, ni ne sai da na sa farar shadda kafin in gane. Ba na ƙara yi wa kowa alkawarin hoto sai fim ya dawo daga wanki. Ƙunshi kuwa, ko tsire aka ba ni in kai wa wani, sai na tsaya a hanya na buɗe na leƙa.